Saura Mutum Ɗaya a Mota

Aikin da aka ba ni ranar bai fi na kullum ba. In ɗauki bas daga babban gareji bayan la'asar, in bi layin tsohuwar masaƙa har bakin tafki, in juyo cikin gari, in ajiye motar a ƙaramin garejin da ke bayan unguwarmu. Daga can taku kaɗan ne zuwa gida. Har murna na yi da na ga ni aka ba layin.

Ni direba ce a kamfanin bas-bas na birni. Na fara tun mutane na leƙo ƙofa su ga mace a kan sitiyari su fasa hawa, har suka gaji suka saba, suka sa mini Anti Direba. 'Yata guda ce, lokacin ba ta daɗe da iya gudu ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa Inna ke kiranta Takwara, mu ma muka bi bakinta. Babanta yana aiki a wani gari, sai wata ya ƙare muke ganinsa. Inna ce ke riƙe mini ita in na fita.

Da, kowane direba da layinsa, kamar manomi da gonarsa. Ka san kowane rami a titi, ka san tsohuwar da kullum sai ta makara, ka san kwanar da akuya ke faɗowa. Sai kamfani ya kawo manhaja mai tsara jadawali. Ita ke duba inda jama'a suka fi yawa, wace mota ke zaman banza, wane direba ne gidansa ya fi kusa da wane gareji, sannan ta rarraba mu yadda ta ga dama. Aka liƙa wa kowa allo a gefen sitiyari. In kana kan lokaci ya yi kore, in ka makara ya yi ja, ya kama wani kuka mai shiga ƙwaƙwalwa. Direbobi suka raɗa masa Surukuwa, don ba ka taɓa yi mata daidai.

Ba zan ci zarafin Surukuwa ba, ta yi mini rana. Kafin zuwanta sai Takwara ta yi barci nake isa gida, in tsaya ina kallon ƙafafunta a duhu. Bayan zuwanta na koma cin abincin dare da 'yata a cinya. Sai dai wanda allonsa ya cika yin ja, ana mayar da shi layukan nesa. Don haka babu abin da nake tsoro a duniya kamar jan nan.

Layin tafki na wani tsoho ne da muke kira Baba Sannu-Sannu, mutumin da ko mai keke ya wuce shi ba ya jin komai. Shekara da shekaru shi kaɗai ke yin sa, sai manhaja ta mayar da shi aikin safe. Ranar na same shi a bakin famfon gareji, ya tashi aiki yana wanke baƙin mai a hannu.

"'Yar nan, an ce ke aka ba tafki yau?"

"Ni ce, Baba. Na gaje ka tun kana raye."

Bai yi dariya ba. Ya kashe famfon, ya matso kusa.

"Sawun magariba ba na mutane ba ne. In kin isa masaƙa ki buɗe ƙofa, ko ba ki ga kowa ba. Ki rufe madubin ciki da ƙyalle. In kin kai tafki ki kashe inji, ki bar ƙofa a buɗe, kada ki taɓa ta sai kin ji motar ta miƙe."

"Ta miƙe kamar yaya, Baba?"

"Za ki ji a kujerarki."

"To su wa zan ɗauka?"

"Masu wurin. Kurminsu aka sare aka gina masaƙa, suka koma tafki. Da rana suna zuwa duba tsohon gida. A masaƙa suke hawa, a tafki suke sauka. Ba su da wani zango bayan waɗannan."

Na kwashe da dariya. Wannan tsohon ne fa ya taɓa rantse wa wani sabon direba cewa akwai kada a ramin gyaran mota, bawan Allah ya yi wata guda yana zagaye ramin. Na ce masa na gode, zan gaishe su.

Da na je karɓar makulli na tsokani Mai Jadawali, wani matashi mai tabarau da ladabi, wanda manhajar ke hannunsa. Na ce ya ji abin da Baba ke faɗa? Ya sosa ƙeya.

"Anti, ni ma sawun nan yana ɗaure mini kai. Na'urar ƙofa tana ƙirga mutane har mota ta cika, amma babu mai taɓa katin shiga. Na sa an canza na'urar, ba ta sake zani ba. Manhaja ta ga mota na cika, ta ƙi soke sawun. Dogon zaman da Baba ke yi a ƙarshen layi kawai ta rage, ta mayar da shi minti biyu. Yau za a fara."

Na karɓi makulli na tafi. Na'ura dai ai tana shirme.

Fasinjojina na ƙarshe sun sauka a rukunin gidajen ma'aikata, na rage ni kaɗai. Rana ta yi ƙasa sosai, ta koma ja. Titin ya tsuke, gidaje suka ƙare, sai ciyawa mai tsawo da dogon bangon masaƙa wanda fentinsa ya ɓare. Ƙofar ƙarfenta ta yi tsatsa, an ɗaure ta da sarƙa. Babu ko kare.

Surukuwa ta nuna zango. Na tsaya, na danna maɓalli, ƙofa ta yi huci ta buɗe. Don allo ya ce in buɗe na buɗe, ba don maganar Baba ba.

Shiru.

Sai na'urar da ke saman ƙofa ta yi ƙit.

Na juya. Matakala fayau, babu kowa. Ta sake yin ƙit. Ta sake. Sai ta jera, ƙit, ƙit, ƙit, irin yadda take yi a tashar kasuwa in an tashi aiki.

Motar ta fara zama. Na ji sifirin na kuka a ƙarƙashina, gefen ƙofa ya karkata, sannan baya ya yi ƙasa. Wani wari ya cika ciki, warin laka da ruɓaɓɓen ganye, kamar an buɗe tsohuwar rijiya. Iska mai sanyi ta riƙa wucewa ta bayan wuyana, ɗaya bayan ɗaya. Kujeru suna ɗan ƙara. Wani ya ja numfashi dab da kafaɗata.

Ban san lokacin da na zaro hankici na yafa wa madubin ciki ba. Sai da ya faɗi na sake ɗorawa.

Na'urar ta yi shiru. Na rufe ƙofa, na ja mota.

Titin a shimfiɗe yake, amma injin yana nishi kamar mai hawa tudu. Sitiyari ya yi nauyi. A bayana babu mai magana, sai irin shirun da mutane ke yi in baƙo ya shigo ana tsakiyar zance. Na kama duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ban kai ƙarshenta ba na kama wata. Idona a kan kwalta. Na ce a raina, in Allah ya fitar da ni, gobe har gida zan je in ba Baba haƙuri.

A bakin tafki kwalta ta ƙare. Akwai fili inda mota ke juyawa, da manyan itatuwa, da ruwa baƙi ƙirin wanda ganye ya rufe rabinsa. Kwaɗi suna ta kuka. Na taka birki, na buɗe ƙofa.

Ƙit. Ƙit. Ƙit.

Suna sauka, ba sa sauri. Motar tana ɗagowa kaɗan-kaɗan. Ban kashe inji ba, don ƙafata ta ƙi barin totur. Allo ya tashi daga kore ya koma ruwan ɗorawa. Ƙit. Ƙit. Ya koma ja. Surukuwa ta kama kukanta, a cikin shirun nan kamar ana huda mini kunne da allura.

Ƙarar na'urar ta fara ja baya. Ƙit. Sai jinkiri. Ƙit. Sai dogon shiru.

Na ce sun ƙare. Ga tsoro, ga ja a allo, ga Takwara na jirana. Na danna maɓalli, ƙofa ta yi huci ta haɗe, na murza sitiyari.

A take kwaɗin suka yi tsit. Duka, lokaci guda.

Ban waiwaya ba. Na ba mota wuta har na wuce masaƙa, na wuce ciyayin, fitilun gari suka fara bayyana. Da na ga mutum na farko tsaye a zango da ledar cefane, kamar in sauka in rungume shi. Mutane suka yi ta hawa, ana hira, wani yana faɗa a waya. Allo ya koma kore. Na saki ajiyar zuciya, na cire hankicin daga madubi.

Mota ta cika, har wasu na tsaye. Amma kujerar ƙarshe ta gefen hagu babu kowa a kai. Wani mai jaka ya nufe ta, ya kai hannu, sai ya ja da baya yana goge tafinsa a wando.

"Direba, motarki na yoyo ne? Kujerar nan sharkaf take."

Wata mai goyo tana tsaye kusa da wurin. Jaririnta ya ƙura wa kujerar ido, ya tsala ihu, ya ƙi shiru har ta matso gaba.

Sai ƙararrawar tsayawa ta kaɗa. Na tsaya, babu mai sauka. Na ja, ta sake kaɗawa. Ta sake. Ta sake. Fasinjoji suka fara duban juna.

"Wane ne ke wasa da ƙararrawa?"

A ƙarƙashin surutunsu na jiyo wani sauti siriri daga baya. Shassheƙa ce, irin ta yaron da ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Na san ta. Duk uwa ta san ta.

Nan abin ya faɗo mini. Shekara nawa ina kallon mata suna sauka daga bas? Uwa ba ta tura yaro gaba. Ita ke fara sauka, ta dafa ƙasa, sannan ta juyo ta miƙa hannu ta sauko da shi, don matakalar ta fi ƙarfin ƙafarsa. Shirun da na ji a tafki ba ƙarewa ba ne. Juyowa uwar ta yi don ta sauko da ɗanta.

Na dubi madubin gefe.

Tana nan.

Doguwa ce, tsawonta ya kai tagar mota. Ta lulluɓe da wani mayafi mai duhu da ya manne mata a jiki, yana ɗigar ruwa. Tafiya take a gefen titi, taku ɗaya bayan ɗaya, ba gudu ba. Ina kan giya ta uku, amma ba ta raguwa a madubin. In mun zo ƙarƙashin fitila ta ɓace, in mun wuce ta dawo.

A zango na gaba na buɗe ƙofa na bar ta a buɗe, har mutane suka fara tsaki. Na ce ko zai sauka, ko za ta hau ta ɗauke shi. Ba ta matso ba, shi ma bai motsa ba. Ba su da wani zango bayan waɗannan, in ji Baba.

Tagar gefena a zuge take kaɗan. Warin laka ya shigo ta nan. Ban juya ba, amma na ji sanyin fuska kusa da kuncina. Muryar a hankali take, kamar ruwa na tsiyaya a cikin tulu.

"Ɗana."

Na ƙanƙame sitiyari.

Na ji ta ja numfashi, tana shinshinar kafaɗata, daidai inda Takwara ke kwantar da kai.

"Ke ma kina da ita."

Wani ya buga bayan kujerata. "Anti Direba, barci kike? Mu tafi mana!"

Na ja mota, ban san me nake yi ba. Ƙafa da hannu ne ke aikinsu. Muka iso mahaɗar da layin gidanmu yake, inda mai gyaran takalmi ke zama. Na dubi madubi. Ta tsaya a bakin layin. Sannan ta juya, ta shiga.

Ban kai zango na gaba ba wayata ta yi ƙara. Inna ce. Na saka ta a lasifika.

"Ke Direba, wace rigima kika ɗebo mana? Ga wata doguwar mata a ƙofa, ko sallama babu, duk ta jiƙa mini dandamali. Wai kin tafi da ɗanta."

"Inna, rufe ƙofa! Sa sakata! Ɗauki Takwara ki goya ta!"

"Na rufe. Me ya faru ne? Ta ce a ba ta yarinyar ta riƙe. Wai in kin mayar mata da nata inda kika raba su kafin jan gari ya mutu, shi ke nan. In ba haka ba, wai an yi musaya."

Na ɗaga kai na dubi yamma. Jan da ya rage bai fi faɗin zani ba.

Gidana yana bayana, in na sauka da gudu zan isa kafin a ƙifta ido. Tafki kuwa yana can ƙarshen duniya. Duk jikina gida yake ja na. Amma in na je gida me zan ba ta? Abin da take nema yana kujerar baya, kuma ba zai sauka ba sai a can.

Na taka birki a tsakiyar hanya, na buɗe ƙofa.

"Kowa ya sauka! Mota ta lalace!"

Aka yi mini ca. Wani ya ce daman mace da tuƙi sai a hankali, wata ta ce za ta kai ƙara. Ban ji zafin ko ɗaya ba. Ina ta roƙonsu, don Allah ku yi sauri, don Allah. Da na ƙarshe ya sauka na rufe, na juya motar a kan titi, har bayanta ya hau dakalin wani shago.

Surukuwa ta yi ja, ta kama ihu. Oba-oba, rediyon da kamfani ke kiranmu da ita, ta yi ƙara, muryar Mai Jadawali ta fito.

"Anti, kin fita daga layi. Lafiya? Anti, ina za ki?"

"Tafki."

"Babu sawun tafki yanzu. Ki ajiye mota a gareji, gobe ma yi magana."

Na ƙara taka totur. Ina jin yana taɓa madannan kwamfuta. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Anti, kin sauke kowa?"

"Kowa."

"Na'urar ƙofa ta ce saura mutum ɗaya a motarki."

"Na sani."

Sai kukan allon ya ɗauke, ya yi duhu. Shi ya kashe mini daga can.

"Je ki, Anti. Allah ya tsare."

Ban taɓa gudu da bas irin na ranar ba. Tagogi suna karkarwa, ƙarafan riƙewa suna kaɗawa. A baya shassheƙar ta koma kuka sosai. A waya kuma ina jin ɗakinmu. Inna tana karatu da ƙarfi. Sai karatun ya fara sanyi, kalmomin suna jan ƙafa.

"Inna! Kada ki yi barci!"

"Ba barci ba ne... jikina ne ya mutu. Goyon ya kwance. Takwara, zo nan. Zo mana, 'yar albarka."

Na ji dariyar 'yata. Irin wadda take yi in ana mata wasan ɓuya.

Na ji takun ƙananan takalmanta a siminti.

Na ji ƙarar sakata.

Sakatar nan ko ni sai na yi ɗage nake kai mata.

Na wuce masaƙa ina ihun sunan 'yata. Jan gari ya koma zare ɗaya a saman itatuwa. Kwalta ta ƙare, motar ta yi tsalle a kan ƙasa, na taka birki har ƙirjina ya bugi sitiyari. Na buɗe ƙofa. Na kashe inji.

Tsit. Ko kwaɗo ɗaya. Wayar ma ta yi shiru.

Na rufe ido. Na jira.

Babu ƙit.

Can sai na ji taku daga baya. Ƙananan ƙafafu, jiƙaƙƙu, ɗaɓ, ɗaɓ, ɗaɓ. Suka zo har kusa da ni. Suka tsaya a bakin matakala. Kukan ya dawo, ƙasa-ƙasa.

Ta yi masa tsawo. Kuma babu wanda ya miƙo hannu daga waje. Tana can, da tawa a hannunta.

Akwai maɓallin da muke danna wa tsofaffi da masu keken guragu, wanda ke sa motar ta durƙusa ta gefen ƙofa. Na laluba shi ido a rufe, na danna. Iska ta fita da dogon huci, motar ta sunkuya har matakala ta kusa taɓa ƙasa.

Bai sauka ba.

Na kwance bel, na zame daga kujera, na durƙusa. Na miƙa ɗan yatsa, kamar yadda nake yi wa kowane yaro.

"Zo, ɗan baba. Zo mu je wurin Umma."

Wani ɗan hannu ya kama yatsana. Sanyinsa ya ratsa ni har haƙori. Yatsunsa sun fi na yaro tsawo, kuma akwai fata a tsakaninsu. Ya jingino da ni, nauyinsa kamar na dutsen niƙa, har kafaɗata ta yi ƙara. Na ja gwiwa zuwa bakin ƙofa. Taku ɗaya. Taku biyu.

Warin laka ya rufe ni. Ruwa ya ɗigo mini a ka, daga sama sosai.

Hannun ya saki.

Ƙit.

Motar ta miƙe. Na ji ta a gwiwoyina, kamar ta sauke numfashin da ta daɗe tana riƙewa.

Ban tashi ba. Sanyin yana nan a kaina, bai tafi ba. Muryar ta zo dab da kunnena.

"Masu 'ya'ya ne ke sauka ƙarshe."

Wani abu ya faɗo a kan matakala. Sai kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Na buɗe ido. Gari ya yi duhu, babu ja ko kaɗan. A kan matakalar ga takalmin Takwara, na ƙafar hagu, ɗan ja mai maɗauri. Ya jiƙe da laka, amma cikinsa da ɗumi.

Wayar ta farfaɗo da ihun Inna. Sai da na yi ta kiranta kafin ta iya haɗa magana. Ta tsinci kanta a ƙasa, ƙofa a wangale. Takwara tana tsaye a bakin layi ita kaɗai, ƙafa ɗaya babu takalmi, rigarta sharkaf har ƙirji, da ganyen ruwa a gashinta. A duk unguwarmu babu ko kududdufi. Na ce a sa mini ita a waya. Ta ce, "Umma," ta yi dariya. Nan na zauna a kan matakalar na yi kukan da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

Washegari na je gidan Baba Sannu-Sannu. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya saurara har na gama, ya ce shi ma a shekarunsa bai taɓa sanin da yara a cikinsu ba, jira kawai yake yi. Mai Jadawali ya mayar da dogon zaman nan cikin manhaja da hannunsa. A wurin dalili ya rubuta cewa fasinjojin zangon suna da tsofaffi da ƙananan yara, babu kuma wanda ya tambaye shi. Na roƙe shi ya daina juya direbobi a sawun magariba, ya bar mini shi ni kaɗai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Anti, kin tabbata?" Na ce gara ni, na san abin da ake jira.

Takwara ta girma lafiya, tana makaranta yanzu. Ba ta tuna komai. Abu ɗaya ne, ba ta yarda a yi mata wanka in rana ta yi ja, mu ma ba ma matsa mata. Inna ta sa an ƙara sakata ta biyu, ko da yake ni da ita mun san amfanin ta farkon.

Kullum ina isa tafki in kashe inji, in durƙusar da mota, in naɗe hannu. Ina jira har ta miƙe, sannan in ƙara jira. Wani lokaci, can ƙarshe, ɗan hannu mai sanyi yakan taɓa gwiwata in zai wuce.

Takalmin na ɗaure shi da zare a kan maɓallin ƙofa, yadda ba zan iya rufewa ba sai na ɗaga shi da hannuna. Rana ta doke shi ta gilashi shekara da shekaru, har jansa ya koɗe. Duk yammar da na taɓa shi, sai na goge laka a yatsana.